Zango da Gida: Abin da Kiristoci Suka Gaskata Game da Sama da Mazaunin Har Abada

Akwai tambayar da yara kan yi a bakin kabari wadda take sa manya su sunkuyar da kai. Yaro ya tsaya yana kallo har aka saukar da mahaifiyarsa aka mayar da ƙasa, sannan wani ya dafa masa kafaɗa ya ce ya yi haƙuri, ai ta tafi sama wurin Yesu. Sai yaron ya dubi tudun ƙasar da ko bushewa bai yi ba, ya ɗaga kai ya dubi gajimare, ya ce: to, wace ce aka rufe a nan, wace ce kuma ta tafi can? Wanda ya rarrashe shi bai yi ƙarya ba bisa ga bangaskiyar Kirista, amma rabin magana ya faɗa, kuma rabin da ya bari shi ne wanda Sabon Alkawari ya fi ɗora wa nauyi. Wancan rabin nake so in bi diddiginsa, domin a ganina yawancin ruɗanin da ake samu game da gidan masu bi na har abada daga nan ya taso: an cuɗa matakai biyu sun koma ɗaya, har aka ɗauki zango a matsayin gida.

Ita kanta kalmar "sama" tana da hannu a cikin ruɗanin. A Hausa kalma ɗaya ce take nufin inda tsuntsaye ke shawagi, da inda taurari suke, da kuma mazaunin Allah, kuma haka abin yake a harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su, wato "shamayim" a Ibrananci da "uranos" a Helenanci. Sai dai marubutan ba su ɗauka cewa Allah yana zaune a bayan wani gajimare ba. Sarki Sulemanu, ranar da yake keɓe Haikali, ya faɗa a cikin addu'arsa cewa sama da saman sammai ma ba za su iya ɗaukar Allah ba, balle ɗakin da shi ya gina. Idan aka ce Allah yana sama, ana maganar ɗaukakarsa ne da sarautarsa, da kasancewarsa inda idon ɗan adam ba ya kaiwa. Haka nan idan Matiyu ya ce "Mulkin Sama", kamar yadda ya yi fiye da sau 30 a cikin Bishararsa, abin da Markus da Luka suka kira "Mulkin Allah" yake nufi, wato sarautar Allah a kan halittarsa. Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa ta nuna inda kibiyar ta dosa: ana roƙon mulkin ya zo, a aikata nufin Allah a duniya kamar yadda ake yi a sama. Kiristoci suna maimaita wannan roƙo kullum, amma kaɗan ne suke lura cewa saukowa suke roƙo.

Wanda ya buɗe Tsohon Alkawari yana neman bayanin tafiyar matattu zuwa sama zai yi mamakin ƙarancin abin da zai samu. A mafi yawan littattafansa matattu suna gangarawa ne zuwa wurin da ake kira "Sheol", wurin shiru da duhu, har mai Zabura ta 6 yana tambayar Allah wa zai yabe shi a can. Haske ya riƙa ɓullowa ne kaɗan-kaɗan. Zabura ta 73 tana da tabbacin cewa Allah zai karɓi mai adalci cikin ɗaukaka, Ishaya 26 yana kiran mazaunan ƙura su farka su yi waƙa, sannan Daniyel 12:2 ya fito fili ya ce da yawa daga cikin masu barci a ƙurar ƙasa za su farka, waɗansu zuwa rai madawwami, waɗansu zuwa kunya ta har abada. A zamanin Yesu Yahudawa sun rabu a kan wannan batu: Farisiyawa sun yarda da tashin matattu, Sadukiyawa kuwa sun ƙi. Abin lura shi ne, gardamar tasu a kan tashin jiki ce. Wannan shi ne begen da ikkilisiyar farko ta gada, kuma ta ce ya riga ya soma cika a cikin mutum ɗaya, safiyar da aka tarar da kabarin Yesu fanko.

To, ina mai bi yake tsakanin ranar mutuwarsa da ranar tashin? Ayoyin da suka taɓa wannan ba su da yawa, amma abu ɗaya suke faɗa. Mafi shahara ita ce maganar da aka yi a kan gicciye, a Luka 23. Mutum ne da aka yanke wa hukuncin kisa aka gicciye shi tare da Yesu, wanda ya amsa da bakinsa cewa hukuncin ya dace da shi, hannuwansa a kafe, ba shi da sauran damar gyara komai ko biyan kowa, ya juya kansa da ƙyar ya roƙi Yesu ya tuna da shi sa'ad da ya shiga mulkinsa. Wata rana mai nisa yake hange, amma aka amsa masa da "yau": yau zai kasance tare da Yesu a Firdausi. Kalmar Firdausi ta samo asali daga tsohon harshen Farisa, inda take nufin lambun da aka kewaye da katanga, da ita kuma masu fassara Tsohon Alkawari zuwa Helenanci suka kira gonar Aidan. Sau 3 kawai ta fito a Sabon Alkawari: nan, da 2 Korantiyawa 12, da Wahayin Yahaya 2. Lambu wurin hutawa ne da shan inuwa. Manzo Bulus ma bai zana taswirar wurin ba. A wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa, yana tsare a kurkuku, ya ce yana marmarin ya tashi ya kasance tare da Almasihu, domin hakan ya fi kyau nesa ba kusa ba, a 2 Korantiyawa 5 kuma ya kwatanta jikin nan da alfarwar da za a rushe, ya ce rabuwa da jiki zama ne tare da Ubangiji. Amma a wuri guda ya ƙara da cewa ba tuɓewa yake so ba, ƙarin sutura yake so, wato ko shi bai ɗauki zama babu jiki a matsayin ƙarshen labari ba. Wahayin Yahaya 6 ya nuna rayukan shahidai a ƙarƙashin bagade, suna gaban Allah, an ba su fararen riguna, duk da haka suna tambaya: har yaushe? Mai tambayar "har yaushe" jira yake yi.

Da yake nassin ya taƙaita, a nan ne ɗariƙun Kirista suka fi rarrabuwa, kuma rarrabuwar tana da tarihi. A shekarar 1331 Paparoma Yohanna na 22, wanda yake zaune a Abinyo, a Faransa ta yau, ya yi wa'azi cewa rayukan tsarkaka ba za su ga fuskar Allah ba sai bayan shari'ar ƙarshe. Malaman tauhidi, musamman na Jami'ar Faris, suka tashi tsaye a kansa, har ya janye maganar a kan gadon mutuwarsa a watan Disamba na 1334, magajinsa Benedik na 12 kuma ya yanke hukunci a 1336 cewa rayukan da suka tsarkaka suna ganin Allah ido da ido tun kafin tashin jiki. Ikkilisiyar Katolika ta kuma koyar da cewa wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗar zunubi a tare da shi sai an tsarkake shi kafin ya shiga wannan gani. Wannan hali na tsarkakewa shi ake kira furgatori, an bayyana koyarwar a majalisun Liyon a 1274 da Fulorens a 1439, aka sake tabbatar da ita a Tarent a 1563. Masu gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16, wato Furotesta, sun ƙi ta, suna cewa jinin Almasihu ya gama tsarkakewa kuma nassi bai koyar da wani mataki na uku ba. Ikkilisiyoyin Otodoks na gabas suna yi wa matattu addu'a, amma ba su karɓi furgatori yadda Roma ta fayyace shi ba. Su ma Furotesta bakinsu bai zo ɗaya ba. Martin Luta yakan kwatanta mutuwa da barci mai nauyi wanda mai yinsa ba ya sanin wucewar lokaci, Jon Kalbin kuwa ɗaya daga cikin rubuce-rubucensa na farko, wanda aka buga a 1542, raddi ne ga masu cewa rai barci yake yi. A yau 'yan Adbentis masu kiyaye Asabar da Shaidun Jehobah suna riƙe da cewa matattu ba su san komai ba har ranar tashi, kuma suna karanta alkawarin da aka yi a kan gicciye da waƙafi a wani wuri dabam, ta yadda "yau" za ta zama ranar da aka yi alkawarin, ba ranar cikarsa ba. Tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci ba su da waƙafi irin namu, shi ya sa alamar rubutu kaɗai ba za ta raba gardamar ba. Ni dai maganar Bulus ce ta rinjaye ni, domin da wuya mutum ya kira rashin sanin komai abin da "ya fi kyau nesa ba kusa ba" alhali yana cikin zumunci da Ubangijinsa tun yana raye. Amma duk ɓangarorin nan sun yarda cewa wannan zango ne.

Gidan yana farawa ne da tashin jiki, kuma a nan Sabon Alkawari ba ya rowar magana. Sura ta 15 ta 1 Korantiyawa, mai aya 58, kusan dukanta a kan haka take. Bulus ya fara da jera waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa, har da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, sannan ya ce in ba a ta da Almasihu ba to wa'azinsu banza ne, bangaskiyar masu sauraronsa ma banza ce. Ya kira Almasihu nunan fari, wato abin da ya faru da shi shi ne samfurin abin da zai faru da nasa. Saboda haka duk mai son sanin irin jikin da ake bege sai ya dubi labarin daren da Yesu ya bayyana ga almajirai a Luka 24. Sun firgita suna zaton fatalwa suka gani, sai ya miƙa musu hannuwansa da ƙafafunsa ya ce su taɓa, domin fatalwa ba ta da nama da ƙashi. Da ya ga murna da mamaki sun hana su gaskatawa, sai ya tambaye su ko akwai wani abin ci, suka miƙa masa yankin gasasshen kifi, ya karɓa ya ci a gabansu suna kallo. Wannan jikin ne kuma ya shiga ɗakin da ƙofofinsa suke kulle. Shi ne dai wanda suka sani, amma an sāke shi.

Da aka tambayi Bulus da wane irin jiki matattu za su tashi, sai ya ɗauko ƙwayar hatsi. Abin da aka binne a ƙasa ƙanƙane ne, busasshe, ba shi da kama da tsiron da zai fito, amma babu manomin da zai ce tsiron wani abu ne dabam da irin da ya shuka. Ana shuka jiki cikin ruɓa a tashe shi marar ruɓa, ana shuka shi cikin rauni a tashe shi da ƙarfi. Inda ya ce za a tashe shi "jiki na ruhu" mutane da yawa sun fahimci kamar jikin iska yake nufi, alhali maganar tana kan abin da ke raya jikin ne da tafiyar da shi, wato Ruhun Allah. Ikkilisiyar farko ta riƙe wannan da hannu biyu, domin tana zaune a tsakiyar al'ummar da masananta da yawa suke kallon jiki a matsayin kurkukun rai. Yustin Shahidi, malamin Kirista wanda aka kashe a Roma wajen shekarar 165, ya rubuta cewa waɗanda suke musun tashin matattu suna cewa da zarar sun mutu rayukansu sun tafi sama ke nan, kada a ɗauke su Kiristoci. Maganar tana da kaifi, kuma ya kamata a lura cewa abin da ya tsananta a kai shi ne musun tashin. Shaidar bangaskiya ta Nikiya, yadda aka kammala ta a Kustantiniya a 381, ta rufe da sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa, ta Manzanni kuma da tashin jiki da rai madawwami. Waɗannan su ne kalmomin da miliyoyin Kiristoci ke furtawa a tsaye ranar Lahadi, kuma babu ɗaya daga cikin shaidun biyu da ta sa tafiyar rai zuwa sama a matsayin ƙarshen bege.

Jiki kuwa yana bukatar ƙasar da zai taka. Shi ya sa surori biyu na ƙarshen Littafi Mai Tsarki suke buɗewa da sabuwar sama da sabuwar duniya, alkawarin da Ishaya 65 ya riga ya yi. Abin da Yahaya, marubucin Wahayin, ya gani shi ne tsattsarkan birni, Sabuwar Urushalima, tana saukowa daga sama daga wurin Allah kamar amaryar da aka yi wa ado, da murya tana shela cewa mazaunin Allah yana tare da mutane. Mutane ba su hau ba, birnin ne ya sauko, kuma wannan shi ne amsar roƙon nan na "mulkinka ya zo". An ba da awon birnin: tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ɗaya, awo 12,000 na ma'aunin tafiya na Helenawa, kimanin kilomita 2,200 ta kowace fuska. Akwai masu ɗaukar alƙalami su lissafa mutum nawa zai ɗauka, amma ina ganin sun bar jaki suna dukan taiki. Wuri ɗaya ne a Tsohon Alkawari aka bayyana da irin wannan siffa mai tsawo da faɗi da tsayi daidai: Wuri Mafi Tsarki a Haikalin Sulemanu, kamu 20 ta kowace fuska, inda babban firist kaɗai ke shiga, shi ma sau ɗaya a shekara, da jinin hadaya a hannunsa. Yahaya yana cewa ɗakin nan da aka hana kowa shiga ya faɗaɗa ya zama birnin kowa da kowa. Saboda haka ne ya ce bai ga haikali a cikin birnin ba: babu sauran labulen da za a ratsa.

Mafi yawan bayanin birnin da "babu" aka yi shi, kuma wannan hikima ce, domin abin da ido bai taɓa gani ba sai dai a kwatanta shi da abin da aka cire. Babu mutuwa, babu makoki, babu kuka, babu azaba. Babu dare, ba a bukatar rana ko fitila. Babu teku, wanda a tunanin Ibraniyawa alama ce ta hargitsi da halaka. Ƙofofin 12 ba a rufe su, domin babu maƙiyin da ake tsoro. Zinariya da lu'ulu'u da duwatsu masu daraja su ne abin da wa'azi ya fi yawan ɗauka, har wani lokaci a mayar da sama kamar ladan kuɗi ga wanda ya rasa a nan, alhali a birnin zinariya abin takawa ce a kan titi. Ayar da ta fi taɓa ni ita ce wadda ta ce Allah zai share dukan hawaye daga idanunsu. Ba a share hawaye daga nesa, sai an matso an sa hannu a fuskar mai kuka.

Shin wannan duniyar za a hallaka a kawo wata, ko ita ce za a sabunta? Masu ra'ayin farko suna dogara da 2 Bitrus 3, inda aka ce sammai za su shuɗe da ƙara kuma wuta za ta narkar da abubuwa. Masu ra'ayi na biyu suna nuna cewa a cikin surar nan Bitrus ya kwatanta wutar da ruwan tufana, wanda ya wanke duniya amma bai shafe ta daga samuwa ba, suna kuma kawo Romawa 8, inda Bulus ya ce halitta duka tana nishi kamar mai naƙuda tana jiran a 'yantar da ita daga bautar ruɓa. Naƙuda haihuwa take kawowa. Ra'ayi na biyu ya fi dacewa da misalin jikin Yesu, wanda aka sāke ba a musanya ba, ya kuma dace da abin da Yahaya ya gani na sarakunan duniya suna shigo da darajar al'ummai cikin birnin, da itacen rai wanda ganyensa na warkar da al'ummai ne. Ko ayoyin da aka fi kawowa don nuna cewa gidanmu can sama yake, idan aka karanta su a hankali, ba su saɓa wa wannan ba. Da Bulus ya ce wa Filibiyawa su 'yan asalin sama ne, yana magana da mazaunan garin da Roma ta kafa a matsayin nata a ƙasar Makidoniya, masu taƙama da 'yancin Roma ba tare da suna shirin ƙaura zuwa can ba, kuma ya ƙarasa jimlar da cewa daga can muke sauraron Mai Ceto wanda zai sāke jikinmu. Haka nan a 1 Tasalonikawa 4, inda aka ce za a fyauce masu bi su taryi Ubangiji a sararin sama, kalmar taryen ita ce aka yi amfani da ita a Ayyukan Manzanni 28 sa'ad da 'yan'uwa suka fito daga Roma suka taryi Bulus a hanya suka rako shi cikin gari. Koyarwar da ta raba fyaucewa da komowar Almasihu zuwa matakai biyu ta yaɗu ne ta hannun mai wa'azi Jon Nelson Dabi a ƙarni na 19, tana kuma da mabiya masu yawa a yau, kamar yadda ake da ra'ayoyi mabambanta kan shekara 1,000 ta Wahayin Yahaya 20. Waɗannan gardama ce a kan jerin abubuwan da za su faru a hanya. Dukansu a sura ta 21 suke sauka.

Akwai tambayar da masu bi da yawa suke ɓoyewa a zuci saboda kunya: shin ba za a gaji ba? Idan har abada waƙa ɗaya ce a tsaye wuri ɗaya, zuciyar mutum tana iya yin sanyi. Amsar da malaman ikkilisiya suka bayar ta rataya ne a kan aya ɗaya, Wahayin Yahaya 22:4, wadda ta ce za su ga fuskarsa. Musa ya roƙi wannan gani aka ce masa mutum ba zai ga fuskar Allah ya rayu ba, Yesu ya yi alkawarinsa ga masu tsarkin zuciya, Bulus ya ce yanzu muna gani ne kamar a madubi, dishi-dishi, amma a sa'an nan ido da ido. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya gina bayaninsa a kan cewa babu wani abin halitta da zai iya cika marmarin zuciyar mutum, sai ganin Allah kansa. Giregori na Nisa, a ƙarni na 4, ya ƙara wani abu da nake ganin shi ne ainihin amsar: tun da Allah ba shi da iyaka, saninsa ma ba shi da iyaka, kowane ƙoshi sabon marmari yake haifarwa, saboda haka mai ganinsa ba zai taɓa kaiwa inda zai ce ya gama ba. Gajiya tana zuwa ne idan abu ya ƙare ana ta maimaita shi. Wahayin Yahaya 22 ta kuma ce bayinsa za su yi masa hidima, za su yi mulki, kalmomin da suke tuna aikin da aka danƙa wa Adamu a gonar Aidan kafin ƙaya da gumi su shigo. A watan Yuli na 1999 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya faɗa a bainar jama'a cewa sama ba wani wuri ba ne a cikin gajimare, dangantaka ce rayayya da Allah Uku Cikin Ɗaya, kuma a kan wannan gaɓa da yawa daga cikin Furotesta da Otodoks ba za su yi masa musu ba.

Game da wanda zai shiga, dukan manyan ɗariƙu sun yarda cewa ƙofar alherin Allah ce ta wurin Almasihu, ko da yake sun sha bamban kan yadda bangaskiya da ayyuka suke haɗuwa, mutumin nan na kan gicciye kuma shi ne shaidar da kowa ke komawa gare ta. Shaidun Jehobah sun ɗauki 144,000 na Wahayin Yahaya 7 a matsayin ainihin adadin masu zuwa sama, sauran kuma su zauna a duniyar da ta zama aljanna, amma galibin masu fassara suna ganin lambar alama ce ta cikar jama'ar Allah, 12 sau 12 sau 1,000, musamman da yake nan take surar ta nuna taron da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace al'umma da kabila da harshe. Nassin bai ɓoye cewa akwai waje ba. Sura ta 21 da ta yi maganar share hawaye ita ce ta ce babu abu marar tsarki da zai shiga, Matiyu 25 kuma ya nuna Sarki yana rarrabe mutane bisa ga abin da suka yi wa mayunwaci da baƙo da ɗan kurkuku. Mai wa'azin sama da ya tsallake wannan bai yi wa masu sauraronsa adalci ba.

An daɗe ana zargin wannan bege da cewa yana sa talaka ya haƙura da zalunci yana jiran lada a gaba, kuma Kal Maks, masanin falsafa Bajamushe na ƙarni na 19, ya kira addini banjun jama'a. Ba zan ce zargin ba shi da tushe ba, domin an yi amfani da wa'azin sama an rufe bakin bayi da waɗanda aka danne. Amma wa'azin da ke yin wannan aiki shi ne mai rabin magana, wanda ya ce jiki da duniya abin yarwa ne. Wanda ya gaskata cewa Allah zai ta da jiki ba zai iya raina jikin mayunwaci ba. Bulus da kansa, bayan aya 57 a kan tashin matattu, ya rufe surar da umarnin a tsaya da ƙarfi a yawaita aikin Ubangiji, domin wahalar ba banza ba ce.

Saura tambayar da masu makoki suka fi damuwa da ita: za mu san juna? Da Sadukiyawa suka kawo wa Yesu labarin matar da ta auri 'yan'uwa bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya ce a tashin matattu ba a aure ba a aurarwa, maganar da takan yi wa gwauraye da matan da suka rasa mazajensu nauyi. Amma a cikin amsar ya kira Ibrahim da Ishaku da Yakubu da sunayensu a matsayin rayayyu, Bulus kuma ya ta'azantar da Tasalonikawa da cewa za a haɗa su tare da waɗanda suka riga su, ta'aziyyar da ba ta da ma'ana in ba za a gane juna ba. Agustin, bishop na Hifo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya zauna da irin waɗannan tambayoyi a littafi na 22 na "Birnin Allah" bai raina ko ɗaya ba: jariran da suka mutu, waɗanda namun daji suka cinye, da masu cewa mata za su tashi a matsayin maza, abin da ya ƙi ƙememe ya ce mace za ta tashi mace. Da ya zo kan shahidai, ya ce gaɓoɓin da aka yanke musu za a mayar, amma ƙaunar da muke yi musu tana sa mu so mu ga tabon raunukan da suka sha saboda sunan Almasihu, kuma mai yiwuwa za mu gani, a matsayin daraja da kyau a jikinsu. Yana da dalilin wannan zato. Toma, almajirin Yesu, ya gane Ubangijinsa ta wurin gurbin ƙusoshi, kuma a Wahayin Yahaya 5, sa'ad da aka ce wa Yahaya ya duba ya ga Zakin kabilar Yahuza, abin da ya gani a tsakiyar kursiyin shi ne Ɗan Rago a tsaye, da alamar yanka a jikinsa.